Iyakar da Kawu Ya Tuna

Koto Sariak, Lahadi 14 ga Satumba, 1997
Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a barandar gidan Kaka. Hayaƙin gobarar daji ya rufe rana, sai da na kunna fitila.

Zuwa ga Kawuna, Sutan Mangkuto, a Samarinda.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan gidan abincinka yana ciniki. Kaka tana tari saboda hayaƙi, amma tana cin abinci tana salla a zaune. Mantuwarta ta ƙaru. Jiya sau biyu ta kira ni da sunan marigayiya Mama.

Na karɓi takardar kammala karatun aikin gona a watan jiya. Aiki bai samu ba, don haka na dawo gida. Ruwan sama ya ɗauke tun watan Yuni, gonar shinkafarmu ta tsage, kuma abin da ya rage a rumbu ba zai kai mu ƙaramar salla ba. Mu biyu ne a gidan, amma mutum biyu ma sai sun ci.

Ina so in mai da filin da ke bayan ɗakin girki garka: rogo, barkono, gauta, wake da alayyafo. A ƙasan filin akwai tsohon kududdufi wanda har yanzu idon ruwansa yana tsattsafowa. Da shi zan yi ban-ruwa, in zuba kifi a ciki. Yanzu wurin duk sarƙaƙiya ce, tun rasuwar Mama ba wanda ya sa masa adda.

Ga abin da ya hana ni farawa. A tsakiyar sarƙaƙiyar, tsakanin gida da kududdufin, na ga linjuwang, jan ganyen nan, tushe bakwai a jere. Ba da shi ake shaida iyaka ba? Na tambayi Kaka. Da safe ta ce iyaka ce, da yamma ta ce ita ta dasa don ado. Na so in tambayi maƙwabciyarmu Etek Rosma, sai na tuna cewa wanda ya tambayi maƙwabci iyakarsa ya riga ya ba da rabinta.

A al'adarmu ƙasa tamu ce mu mata, amma kai ne bakin gidan nan a gaban dattawa, kai aka nuna wa iyakoki. Don Allah ka gaya mini a fili: ina filinmu ya tsaya? Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ka.

'Yar 'yar'uwarka,
Nofriyeni

Samarinda, 3 ga Oktoba, 1997

Nofriyeni,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaida Uwata, ki rufe mata tagogi.

Na karanta takardarki a tsaye, ina juya miya. Ashe shekara huɗu da aka yi ana aika miki guzuri zuwa Padang, don ki dawo ki shuka rogo ne? Uwarmu ba ta taɓa ganin ƙofar makaranta ba, kuma rogonta ya ciyar da mu. Na zaci zan ji kin sami tebur da kujera a ofis. To, Allah ya sa albarka a barkono.

Tambayarki kuwa ta ba ni kunya. Ko agwagin gidanmu sun san iyakarmu. Bishiyar duriyan ce. Daga ɗakin girki har gindin duriyan namu ne, kaka da kakanni. A gindinta na sha kwana ina yaro ina jiran 'ya'yanta su faɗo. Jan ganye kuwa babu matar da ba ta dasa shi inda ta ga dama, kada ki mai da shi aya.

Kuma kada in ji kin je ƙofar Rosma da wannan magana. Waccan mata in kika ba ta hannu, sai kin ƙirga yatsunki.

Ki share ki shuka, Malama mai digiri. Ki daina cika mini takarda da abin da adda za ta warware.

Kawunki,
Sutan Mangkuto

Koto Sariak, Lahadi 9 ga Nuwamba, 1997
Bayan sallar la'asar. 

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Tarin Kaka ya yi sauƙi.

Na yi yadda ka ce. Duriyan ɗaya ce a wurin, tana tsaye a bakin kududdufi. Na share daga ɗakin girki har gindinta, na sare jan ganyen duka bakwai. Na yi fangali goma sha biyu, na zuba musu kashin agwagi da tokar murhu, na lulluɓe su da karan shinkafa don kada damshi ya gudu. Na yashe kududdufin, na zuba 'ya'yan karfasa. Alayyafo har mun fara ci. Kaka ta ce miyar ta yi ɗanɗanon zamanin da.

Etek Rosma tana Bukittinggi wajen jegon 'yarta lokacin da na yi aikin. Ranar Alhamis ta dawo. Ko mayafinta ba ta ajiye ba ta zagayo, ta same ni da bokiti a hannu.

Ta ce, "Sannu da aiki, injiniya. Wa ya mutu a gidanmu kika ci gado?"

Na ce, "Etek, sannu da dawowa. Filinmu ne nake gyarawa."

"Filinku? Ina jan ganyen da uwata da kakarki suka dasa tare?"

Na ce Kawu ya ce iyakarmu duriyan ce.

Ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce, "Wane kawun? Mai sayar da miya a ƙetaren teku? Wannan duriyan mijina ya dasa ta. Kawunki in aka sake shi a tashar mota yau, sai ya tambayi hanyar gidan uwarsa."

Na ce ta yi haƙuri, zan rubuto maka.

Ta ce, "Rubuta. Ku dai ba ku da aiki sai rubutu. Ki gaya masa ɓarawon ƙasa ba ya ɗauke ta a kai, ƙasar ce ke ɗauke shi."

Jiya ta kai ƙara wajen Datuk, shugaban dangi, da dattawan ƙauye. Sun ce tunda alamar ta ɓace, sai kawun kowane gida ya taka iyakar da ƙafarsa ya rantse da Alƙur'ani. Kawun gidan su Etek Rosma ya tsufa, ba ya gani, ya ce ba zai rantse a kan abin da idonsa bai gani ba. Don haka magana ta rage gare ka. In ka rantse, filin namu ne. In ba ka zo ba, nasu ne. Sun sa rana ta uku bayan ƙaramar salla. Ni ba ni da bakin magana a wannan zama, ka sani.

Fangali tara daga cikin goma sha biyun, da kududdufin, suna cikin inda ake jayayya.

Tambaya ɗaya, kuma ba da raini nake yin ta ba. Ka bar gida shekarar da aka haife ni. Ka tabbata duriyan da ka kwana gindinta ita ce wannan da nake gani?

Nofriyeni

Samarinda, 1 ga Disamba, 1997

Nofriyeni,

Salam. Muna nan da rai. Ciniki ya mutu, mutane sun koma cin shinkafa da gishiri a gidajensu.

Layin ƙarshe na takardarki na karanta sau uku. Wato ke ma kin bi bakin Rosma. Ni ne ban san bishiyar gidan uwata ba? Lokacin da kawuna ya riƙe hannuna ya zaga da ni iyakokin nan, uwarki ma ba ta yi wayo ba, balle ke.

Kuma wa ya ce ki sare jan ganyen? Cewa na yi kada ki mai da shi aya, ban ce ki kai masa adda ba. Mai hankali zagaye shi zai yi ya shuka abinsa. Ke kika tono mana wannan wuta da hannunki, yanzu ni zan bar tukunyata in hau jirgin ruwa in je in kashe ta. Shekara ashirin da uku ba a taɓa kiran sunan gidanmu a gaban dattawa ba sai da kika dawo da takardarki.

Abin da Rosma ta faɗa a kaina ma da kin bar shi a cikinki. Ba kowane abu da kunne ya ji ake sa wa tawada ba.

Zan zo. Ba don barkononki ba, don kada a ce gidan uwata ba namiji. Zan taka har gindin duriyan in rantse, in ga wanda zai ce uffan. Kafin nan ki rufe bakinki, ki shayar da shukarki. Kada ki sake rubuto mini sai in wani abu ya sami Uwata.

Sutan Mangkuto

Koto Sariak, Lahadi 11 ga Janairu, 1998
Da hantsi, cikin azumi. An kwana ana ruwa.

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Kaka lafiyarta lau, ba abin da ya same ta. Na san ka hana ni rubutu. Ka karanta wannan har ƙarshe, sannan ka yi fushi.

A takardarka ta Oktoba ka rubuta, "Ki share ki shuka." Tana nan a wurina. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tunda ruwa ya dawo garkar ta yi kyau. Kuɗin shinkafa a kasuwa ya haukace, kullum da sabon farashi, mu kuwa muna buɗe-baki da rogo, da wake, da kifin kududdufi. Ban san abin da za mu ci ba da babu ita.

Shekaranjiya na ɗaga karan shinkafar da ke kan fangalin barkono don in ƙara taki. Sai na ga jan toho kamar tsinin mashi. Na sare linjuwang daga sama ne, saiwarsa tana ƙasa, ruwa ya tashe ta. Na bi na ɗaɗɗaga karan. Guda bakwai ne, a jere, a miƙe kamar an ja igiya. A ƙarshen layin ƙasa ta lotsa saboda ruwa, na tona, na sami ruɓaɓɓen kututture mai faɗin da hannuwana biyu ba za su zagaye ba. Na kai wa Kaka ɓawonsa. Ta shinshina ta ce, "Duriyan ɗin Darmawi ke nan. Iska ta kayar da ita kina goye." Ka gafarce ni da na rubuta sunanka na yanka, haka ta faɗa.

Kawu, ba ƙarya ka yi ba. Iyakarmu duriyan ce, amma wadda ta faɗi. Wadda ke tsaye ta su Etek Rosma ce. Lokacin da ka zo jana'izar Mama ba ka zaga bayan ɗakin girki ba, shi ya sa ba ka sani ba.

Na mai da karan na rufe tohon. Ba wanda ya gani sai ni. Na kasa barci. Ka san abin da ake faɗa a rantsuwar iyaka: wanda ya yi ta a kan ƙarya ya zama itacen da ba toho a samansa ba saiwa a ƙasansa, shi da zuriyar gidansa. Zuriyar gidan kuwa ni ce.

Don Allah kada ka rantse. Ka rubuto wa Datuk cewa ka janye, a daidaita a cikin ɗaki, ba mai jin kunya. Ina jiran amsa.

Nofriyeni

Samarinda, 14 ga Janairu, 1998

Nofriyeni,

Salam. Shirunki ya nuna kin fara hankali.

Jibi zan tashi. Zan tsaya Jakarta in yi salla a wurin ɗana, daga can in hau jirgin Padang. Da safiyar ranar zaman zan iso, kai tsaye daga tasha. Ki wanke farar rigata da ke cikin akwatin Uwata, ki goge hular. Ki dafa kifin nan da kike taƙama da shi, da yawa, don bayan an gama dattawa a gidanmu za su ci.

Ki gaya wa Rosma ta zo da kujerarta, tsayuwa za ta yi mata wuya.

Sutan Mangkuto

Tashar jiragen ruwa, Padang, 3 ga Fabrairu, 1998

Nofriyeni,

Ban gaishe ki ba, kuma da gangan ne.

Tun da nake ban taɓa jin 'yar 'yar'uwa ta yi wa kawunta abin da kika yi mini ba. Ina tsaye gindin duriyan da alwalata, liman ya ɗora mini Alƙur'ani a ka, ƙauye duka yana kallo. Na buɗe baki ke nan, sai ga ki kin keto tsakiyar maza kina cewa, "Kawu, dakata." Datuk ya ce ki koma cikin mata. Ba ki koma ba. Kika durƙusa kika yi ta yaye kara kamar kaza mai tono, kina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har bakwai, kamar muna aji.

Kin ji abin da Rosma ta ce? "A sauke masa Littafin, kada wuyansa ya karye." Har yara suka yi dariya. Abokin wasana da muka yi karatun allo tare ya dafa ni ya ce, "Sutan, gobe in zaga da kai ka ga gari?"

Kika biyo ni har bakin hanya kina cewa kin rubuto mini. Wace takarda? Ban ga komai ba. In ma kin rubuta, a bakin ƙofa da na iso me ya hana ki ja ni gefe? Za ki ce kin ce "Kawu, minti ɗaya," na ce sai an gama. To mai son rufa asirin mutum rigarsa yake riƙewa, ba minti ɗaya yake roƙo ba.

Wa ya san tohon yana nan? Ke kaɗai. Da kin yi shiru, ni a kan abin da na sani zan rantse, Allah kuma ya san zuciyata. Da yanzu kuna da kududdufinku. Kin zaɓi a ce kin iya ƙirga. To ki ci ƙirga, ki ba Uwata ta ci.

Ban shiga na yi wa Uwata sallama ba, saboda ba zan iya haɗa ido da ita ba. Wannan ma a wuyanki yake. Daga yau in wata magana ta taso a gidan, ki tsaya gaban dattawa da kanki, tunda kin nuna kin iya.

Sutan Mangkuto

Koto Sariak, Lahadi 22 ga Fabrairu, 1998
Ƙarfe biyar na yamma, a bakin ɗakin girki, inda nake ganin garkar.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ni zan gaishe ka. Ina fatan ka sauka lafiya. Kaka tana nan yadda ka bar ta. Ta tambaye ni wane baƙo ne mai farar riga ya zo ya tafi bai ci kifi ba. Na ce wani mai wucewa ne.

Ga abin da aka yanke bayan ka tafi, don kada ka ji shi a karkace. Iyaka ta tsaya a kan jan ganye. Kududdufi da fangali tara sun koma gidan Etek Rosma. Datuk ya ce ƙasa ta mai ita ce, shuka ta mai shukawa ce, don haka zan girbe abin da ke kai sau ɗaya, sannan in ɗauke ƙafata. Kifin an raba biyu. An kuma sa ni in kai farantin ganyen taunawa da goronsa gidan Datuk, in ba da haƙurin yin magana a zaman maza. Na kai.

Etek Rosma ba ta gode mini ba, ban kuma sa rai ba. Washegari ta kafa shingen gora. Ina tsinkar wake ta leƙo ta ce, "Injiniya, ki tsinka a hankali, kada ki tattake mini ƙasa. Taki dai kin iya zubawa, wannan ba zan hana ki ba." Na roƙe ta bokiti huɗu na ruwa a rana in rani ya dawo. Ta ce za ta yi shawara da agwaginta.

Ka ce da na yi shiru da kai a kan saninka za ka rantse. Gaskiya ne. Amma ni a kan sanina zan tsaya ina kallonka, kuma kullum in ɗebi ruwan nan in dafa wa Kaka abinci da shi. Na gwada yin shirun tun daga tasha har gindin bishiya. Da aka ɗora maka Littafin ne ƙafata ta ƙi. Ban yi don a ce na iya ƙirga ba. Ƙirgawa na yi don muryata ta daina rawa.

Fangali uku suka rage mana, inuwar ɗakin girki tana rufe su tun azahar. Na dasa rogo da citta, su ne ke jure inuwa. Barkono na mai da shi cikin tsofaffin gwangwanaye a baranda. Ba zai ishe mu ba. Ba roƙo nake yi ba, faɗa maka nake yi.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko rogon zai yi kafin abin da na girbe ya ƙare.

Ko Etek Rosma za ta ba ni ruwan.

Wa zai tsaya wa gidan nan a gaban dattawa ranar da Kaka ta cika.

Ko takardata ta sha ɗaya ga Janairu tana jiranka a Samarinda, ko ka buɗe ta.

Da ta same ka kafin ka taso, shin janyewa za ka yi, ko cewa za ka yi in tumɓuke tohon in mai da kara? Wannan kaɗai ne ba na roƙon ka amsa.

'Yar 'yar'uwarka,
Nofriyeni